Mai Kaset Na Bakin Tashar Birnin Gwari

Ku da kuke zama da kwamfuta a ƙarƙashin lema kuna tura wa mutane waƙa a waya, na ji abin da kuke faɗa. Wai wannan ba sana'a ba ce, jona waya ne da danna maɓalli, kowa ma zai iya. Ban ga laifinku ba, a haka kuka tarar da ita. Sunana Hamisu, shagona shi ne na uku daga ƙofar tasha, kuma na haura shekara talatin ina sayar wa mutane abin da za su saurara. Ku ba ni hankalinku in gaya muku yadda ake yin ta.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wanke kan rikoda. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye ta wajen Saminaka. Mu maza muna da yawa, gona ba ta ishe mu ba, sai ya kawo ni gari ya damƙa ni a hannun wani mutum da ake kira Oga Yohanna. Mutumin Kudancin Kaduna ne, Kirista, ya yi aiki a wani kantin faifai a Kaduna kafin ya zo nan ya buɗe nasa. Baba ya san shi ne ta wajen gyaran rediyo. Ranar da na fara, Oga ya miƙo mini tsinken ashana da 'yar auduga da kwalbar sifirit. Ya buɗe bakin rikoda ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai sheƙi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

Ya ce, "Ta nan zaren kaset yake bi. In wurin nan ya yi datti, mawaƙi zai yi kamar ya cika baki da tuwo. Goge shi a hankali, kada ka kankare."

Wata biyu ban taɓa komai ba sai wannan aiki da shara.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai manyan rikoda biyu masu baki bibbiyu, baki ɗaya yana karantawa ɗaya yana ɗauka. Akwai garmaho na lantarki don juya faifai, allurarsa kuwa a cikin gwangwanin alawa Oga yake ɓoye ta, domin in ta karye sai an je Kaduna. Akwai biro na juya zare, da reza, da jan farce irin na mata da muke liƙe zare da shi in ya tsinke. Akwai ƙananan sukundireba, da robobin bel da suke sakin jiki in zafi ya yi yawa har murya ta riƙa jan ƙafa. A fuskar kowace rikoda akwai wata 'yar allura da take rawa a bayan gilashi. In ta tsaya ƙasa, ɗaukar ba ta da ƙarfi. In ta shiga wurin ja, murya ta fashe. Idonka a kanta yake tun daga farkon waƙa har ƙarshe, kuma ba yadda za ka yi ka gaggauta. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya zai ci maka.

Kaset na farko da na haɗa da hannuna na wani direban tirela ne mai suna Isiya, wanda yake bin hanyar Legas. Ya ba ni sunayen waƙoƙin kalangu da yake so, na jera su, na ɗauka, na rubuta sunansa a jiki da kyakkyawan rubutu. Bayan mako biyu ya dawo ya ajiye kaset ɗin a kan tebur.

Ya ce, "Oga, wa ya yi wannan?"

Oga ya nuna ni da baki.

Isiya ya dube ni. "Mutum yana tsakiyar yabon gwaninsa, ya ɗauko numfashi zai sauke, sai na ji ƙas, zare ya ƙare. Kullum na zo wurin sai raina ya ɓaci."

Oga bai yi mini faɗa ba. Ya sake wa Isiya wani da kansa, sannan ya cire agogon hannunsa ya ba ni tare da littafi. Ya sa na auna tsawon kowace waƙa da ke shagon, ɗaya bayan ɗaya, na rubuta. Daga nan na koyi cewa kafin ka danna komai sai ka san abin da zai shiga gefe na farko da abin da zai shiga na biyu, da wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe. Ba a sa waƙa mai sanyi biyu a jere. Ba a buɗewa da wadda ta fi kowace daɗi, domin sauran za su zama kamar ruwa. Ana barin ɗan shiru tsakanin waƙa da waƙa, daidai yadda mutum zai haɗiye yawu. Har yau in zan cika wa mutum memori, haka nake jerawa, ko da yake waƙa dubu take ɗauka.

A ƙarƙashin tebur Oga yana da wani akwatin katako cike da faifan Turawa, irin kiɗan jita da ganga da ake kira rok. Ba don ciniki ya ajiye su ba, domin a wata ba a samun mutum biyu da za su tambaya. In kasuwa ta yi sanyi da rana sai ya ɗauko ɗaya, ya hure shi, ya goge da tsumma mai laushi, ya ɗora allura. Ni da na tashi da kalangu da garaya da kukuma, farkon jin da na yi sai na toshe kunne.

Na ce, "Oga, wannan kiɗa ne ko injin niƙa?"

Ya ce, "Zauna. Rabu da mai ihun. Akwai wata jita mai kaurin murya can ƙasa, ita kaɗai za ka bi."

Na zauna na neme ta. Da ƙyar na same ta, amma da na kama ta sai na ji tana tafiya daidai, ba ta sauri ba ta nawa, kamar yadda gangar noma take riƙe maza a wurin gayya. Sauran duk a kanta suke tsaye. Washegari ya ce in bi mai ganga. Rana ta uku ya ce in bi ƙaramar jita. Sai da na yi mako ina bin su ɗaya-ɗaya kafin ya bar ni na saurare su gaba ɗaya, kuma a ranar ban ji injin niƙa ba. Na ji mutum huɗu suna magana, kowa ya san lokacin da zai shigo da lokacin da zai ba ɗan'uwansa wuri.

Sunayen faya-fayan ba sa zama a bakina, don haka na raɗa musu nawa daga hoton da ke bango. Akwai wanda nake kira Jar Ƙofa, akwai Mai Tsani, akwai Taron Jama'a. Duka ukun na mutum huɗun nan ne. Oga ya yi ta dariya, daga baya shi ma ya koma kiran su haka.

Ra'ayina a kansu bai canza ba har yau. Jar Ƙofa shi ne gwani. Sun yi shi ne suna samari, ba su da komai sai kayan kiɗansu, kuma kana jin yunwar a ciki. Mawaƙin muryarsa a dishe take kamar wanda ya wuni yana kiran shanu, amma ba ya kuskure wurin sauka. Mai ƙaramar jitar kuwa shi ne mutumina. Yana iya barin rabin waƙa ta wuce bai ce komai ba, sannan ya shigo da 'yan sautuka biyar ko shida, ya ja na ƙarshen har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, ya koma ya yi shiru. Na ji masu jita da yawa da suka fi shi saurin yatsa. Ban ji wanda ya fi shi haƙuri ba.

Oga kuwa Mai Tsani yake so. Wannan sun yi shi ne bayan sun yi suna, sun ƙara goge irin na Turawa da molo da 'yan amshi mata. Ni a wurina miyar ta sha mai har ta daina daɗi.

Nakan ce, "Oga, a nan sun ƙoshi. Mai jitar ma da ƙyar ake jin sa."

Shi kuma ya ce, "Kai har yanzu ɗan ƙauye ne. Mutum ba ya dawwama yana ihu. Saurari ta uku a gefe na biyu, ka gaya mini ko yaro zai iya rubuta wannan."

Gaskiya ta ukun nan tana da kyau. Ban taɓa faɗa masa ba sai bayan shekaru.

Taron Jama'a kuwa a gaban mutane aka ɗauke shi, da tafi da fito da komai. Akwai wurin da aka sakar wa mai ganga fili, ya yi kusan minti goma shi kaɗai, ya manta akwai sauran mutane a duniya. Ni wurin nan nake tashi in je in sha ruwa. Oga yana son faifan ne don akwai inda mawaƙin ya shigo kafin lokaci, ya yi 'yar dariya, ya sake shigowa. Ya ce a nan ne kake sanin mutane ne suka yi, ba inji ba.

Kada ku ɗauka na bar na gida. In aka ce in zaɓi makaɗi ɗaya a duk waɗanda na taɓa ji, ba Bature zan zaɓa ba. Wani tsoho ne mai kukuma daga wani ƙauye a gefen dajin Kamuku, da yake zuwa ranar kasuwa ya zauna a gindin mangwaron da ke gaban shagonmu. Ba wanda ya san shi a rediyo. Wata rana na roƙe shi ya shigo, na kashe janareto na ɗauki waƙarsa da batir don kada ƙara ta shiga. Waƙa shida ya yi. Da na kunna wa Oga, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wannan da mai jitarka uwarsu ɗaya." Tsohon ya rasu da daɗewa, kuma iya sanina ɗaukar nan tawa ita kaɗai ce ta rage.

Duk wannan gardama ba wasa ba ce, ita ce sana'ar. Mutum zai shigo ya ce, "Me ke da daɗi?" In ka ce masa duk da daɗi, ka rasa shi, domin ya gane ba ka saurara. Sai ka dube shi, ka tambaye shi abin da ya saba ji da inda zai saurara, a mota ne ko a gona ko a ɗaki da iyali. Sannan ka faɗi naka ra'ayin ba tare da tsoro ba: wannan ya fi wancan, ga dalili. In ya ƙi yarda, ya fi kyau, domin zai dawo ya gaya maka inda ka yi kuskure.

Haka ta faru da Isiya. Wata rana ya zo yana ƙorafin gyangyaɗi. Ya ce in ya ci abinci ya bar garin nan bayan azahar, kafin ya kai Tegina idonsa ya fara rufewa, kuma waƙoƙin da ya saba sun zama kamar reno. Lokacin na riga na ƙware. Na ɗauke masa Jar Ƙofa a kaset, na ce ya gwada, in bai yi ba ya dawo da shi in goge. Da ya dawo daga Legas bai ko kashe mota sosai ba ya shigo.

Ya ce, "Hamisu, kalma ɗaya ban ji ba. Amma gangar nan daidai take da tafiyar mota in ta ɗauki kaya. Akwai wani?"

Na ba shi sauran biyun don ya raba mana gardama da Oga. Sai ya dawo ya ce duk mun yi kuskure, Taron Jama'a ne gaba, kuma wurin mai gangar nan da nake gudu shi ne ya fi so, domin a nan yake hawan tudu. Daga nan muka zama mu uku. Duk Lahadin da Isiya yake gari, in Oga ya taso daga coci mu kuma mun yi la'asar, sai mu fito da benci gindin mangwaro. Ba wanda ya taɓa canza wa wani ra'ayi, amma ta bakin Isiya direbobi da yawa suka fara tambayar kiɗan da ke hana barci.

Sana'ar ta yi ta sauya kaya. Kaset ya tafi, faifan sidi ya zo, shi ma bai daɗe ba memori da waya suka kore shi. Idon Oga ya fara rauni har ba ya ganin allurar da ke bayan gilashi. Ya kira ni ya ce zai koma wurin 'yarsa a Kaduna, shago nawa ne, akwatin faifai ma ya bar mini domin a can ba wurin ajiyewa. Na sayi tsohuwar kwamfuta, na sami wanda ya nuna mini yadda ake jona garmaho da rikoda a jikinta. Damina biyu na yi ina kwashe abin da ke cikin akwatin da duk kaset ɗin da ke kan kanta, ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta wa kowanne suna. Maƙwabtana suna cewa wahalar banza nake, tunda komai yana intanet.

Sai shekarar wahala ta zo. Kun san ta, wasunku a lokacin kuka baro ƙauyukanku. 'Yan bindiga suka riƙe daji, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji, wani lokacin ma da rakiyar ba a tsira. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse sabis ɗin waya. Tasha ta zama fili. Sai in buɗe shago tun safe har la'asar ba wanda ya leƙo. Janareto ba mai, gonar da nake ɗan taɓawa ba ta zuwuwa. Uwargidana ta ce mu tattara mu bi 'yan'uwanta zuwa Funtuwa. Na ce ta ba ni wata biyu.

A cikin watannin nan aka tare motar Isiya a hanya aka shiga da shi daji. Ya yi makonni a can. Danginsa suka sayar da abin da za su iya sayarwa, Allah ya sa ya fito da rai.

Abin da ya riƙe shagon wani tsohon faifan sola ne da na samu wurin wani mai gyaran firji da zai bar gari. Na ɗora shi a kan rufi, na haɗa da batirin mota, na fara yi wa mutane cajin waya. To mai jiran caji sai ya zauna, in ya zauna sai ya ji abin da nake kunnawa. Kuma da yake ba sabis, abin da ake cewa yana intanet ya zama ba ya ko'ina sai a kwamfutata. Mutane suka fara kawo memori. Wannan karatun Alƙur'ani yake so, wannan waƙoƙin coci, wannan tsofaffin waƙoƙin noma da zai kunna wa mahaifinsa da ke kwance yana kewar gona. Ba riba ce mai yawa ba, amma an ci abinci, kuma ba mu je Funtuwa ba.

Isiya ya zo bayan ya ɗan murmure. Ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Don in faranta masa na kunna Taron Jama'a, na kai daidai wurin mai ganga. Sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kashe, Hamisu. Duk abin da ke bugawa da sauri haka ba na iya jin sa yanzu."

Na kashe. Na nemo tsohon nan mai kukuma na sa masa a hankali. Ya saurari waƙa shidan bai motsa ba, sannan ya miƙo wayarsa na tura masa. Bai koma tuƙi ba. Yanzu yana sayar da kayan gyaran mota a layin baya, kuma yakan zo benci.

Aikin da ya fi kowanne wuya a shekarar nan wata mata ce ta kawo shi. Sunanta Rahila, malamar firamare ce daga Gwaska, tana cikin waɗanda suka gudo suka zauna a wata makaranta a nan gari. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kaset. Gefe ɗaya na robar ya narke, cikinsa duk laka ta bushe.

Ta ce, "Baba, an ce kai kaɗai ka rage da ke taɓa irin wannan. Na mahaifina ne. Shi yake kaɗa jita a cocinmu da wuraren biki. A cikin tokar ɗakinsa na tono shi da muka koma ɗaukar kaya."

Na ce, "Yana raye?"

Ta girgiza kai.

Na ce, "Malama, ba zan yi miki alkawari ba. Ki ba ni mako ɗaya."

Sukurorin sun yi tsatsa, sai da na fasa robar da reza a hankali. Na ciro ƙullin zaren biyu ban bari sun warware ba. Na tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, na riƙa jan zaren kamu-kamu ina wanke lakar da auduga, ba gogewa ba, dannawa kawai, domin baƙin da ke jikin zaren shi ne muryar, in ya fita ta tafi. Na shanya shi a kan farin zane a cikin shago, ba a rana ba, na rufe ƙofa kwana uku don kada iska ta tuƙuiƙuye shi. Wuri huɗu ya ƙone. Na yanke su, na haɗa bakin da jan farce, na naɗe shi da biro a cikin gidan wani sabon kaset. Na wanke kan rikoda sau biyu. Na san zaren ba zai jure wucewa fiye da sau ɗaya ba, don haka na jona kwamfuta tun kafin in danna.

Da Rahila ta dawo na ba ta kujera na kunna. Da farko shuu kawai ake ji. Sai jita ta shigo, sai muryar namiji yana waƙa da Gbagyi yana juyawa Hausa, mata suna amsawa. Inda na yanke, waƙar takan yi ɗan tsalle ta ci gaba. Ta sa gefen mayafinta a baki ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Yaya ka ji shi, Baba? Mu a wurinmu ba wanda ya kai shi, amma mu 'ya'yansa ne."

Na ce, "Jitarsa ba ta da kyau, waya ɗaya ma ba ta kan daidai. Muryarsa ba babba ba ce. Amma ya san inda ake dakatawa a bar mata su shigo, kuma ba ya cika wuri don a ce ya iya. Irin wannan ba su da yawa, a nan ko a Turai."

Ta ce, "Da ka ce komai nasa ya yi daidai, da ban yarda da kai ba."

Na tura mata a waya, na kuma ajiye a wuri biyu.

Sannu a hankali abubuwa suka lafa. Sabis ya dawo, aka buɗe kasuwa, motoci suka fara shigowa tasha ba rakiya. Ba a ce komai ya gyaru ba, amma ana noma, ana tafiya. Oga Yohanna yana nan da ransa a Kaduna, muna gaisawa a waya.

Bara da kaka sai ga Rahila ta dawo, tare da maza biyu da mace ɗaya, duk 'yan ƙauyensu. Ashe tun suna zaune a makarantar nan suka fara haɗa kiɗa, da jitar aro da gangar coci. Ita ce mai jita, mahaifinta ya koya mata tun tana ƙarama. Sun ɗauki waƙa biyar a waya, suna so in ji kafin su sake su.

Na saurara sau biyu, sannan na ce, "Huɗu daga ciki ba naku ba ne. Kun ji abin da ake yayi a waya kun bi. Wanda yake son irin wannan zai je wurin masu shi, sun fi ku kayan aiki. Ta biyar ɗin, ta komawa gona, ita ce taku. Amma kun cika ta da kaya. Mai ganga yana gudu kamar ana bin sa, ke kuma Malama ba ki ɗaga yatsa daga kan waya ba tun farko har ƙarshe."

Mai gangar ya ɓata rai. Ya ce, "Baba, zamani ya wuce irin kunnenku."

Na ce, "Yana yiwuwa. Amma ni kuka tambaya."

Rahila ta karɓi wayarta suka fita. Na ɗauka shi ke nan. Wata biyu ban gan su ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta shigo ita kaɗai ta ajiye memori a kan tebur. Sun zubar da uku, sun riƙe ɗaya daga cikin waɗanda na kushe, sun ƙara sababbi uku. Ta ce wadda na kushe ɗin ba za su cire ta ba, ko me zan ce. Na saurara, na ga ita ke da gaskiya, da suka rage mata gudu ta zama wata aba daban, na kuma faɗa mata haka. Waƙar komawa gona kuwa sun sake ta gaba ɗaya. Ganga tana tafiya a natse, murya ta yi baiti biyu jita ba ta ce uffan ba, sai a na uku ta shigo.

Muka zauna muka jera su tare, wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe. Da muka gama na fito da lasifika bakin ƙofa na kunna, ita tana zaune a ciki. Tasha cike take, ana lodin masara. Waƙa ta biyu ba ta ƙare ba wani direba da ban sani ba ya bar wurin mai shayi ya tako, da kofinsa a hannu. Ya tsaya ya ji har ta kai ƙarshe.

Ya ce, "Malam, waɗannan 'yan wace ƙasa ne?"

Na ce, "'Yan Gwaska ne. Ga mai jitar nan a zaune."

Ya leƙa ya gaishe ta, ya ajiye kofin a kan benci, ya fara cire murfin wayarsa.

Ya ce, "Sa mini duka. Kaduna za ni, kuma motata cike take da mutane."